Sharhi: Namijin Falasɗinu a gaban kyamara

Jama'a masu sauraro, duk lokacin da aka karanto alƙaluman waɗanda aka kashe a Gaza, za ku ji an ce da yawa daga cikinsu mata ne da ƙananan yara, daga nan sai a wuce zuwa labari na gaba. Gaskiya ne, kuma abin baƙin ciki ne matuƙa. To, amma mazan fa? Mai gidan burodi, direban motar asibiti da malamin makaranta da aka zaro daga ƙarƙashin ɓaraguzai, duk an bar su a baya, sai ka ce kasancewarsu maza kaɗai ya isa hujjar mutuwarsu. Namijin Falasɗinu farar hula ne har sai an tabbatar da akasin haka, amma duniya ta juya wannan ƙa'ida a kansa.

Wannan ne ya sa nake jin haushin masu raina finafinan gwaji da Falasɗinawa ke yi, irin waɗanda ba su da jarumi, ba su da labari mai farko da ƙarshe. A shekarar 2003, ana tsakiyar boren Intifada na biyu, Sharif Waked, Bafalasɗine haifaffen Nazarat, ya fitar da wani gajeren fim mai suna Chic Point. Samari ne ke takawa a dandali kamar masu tallan tufafi, sai dai kowace riga an yi mata ƙofa ko tsaga da ke bayyana ciki da ƙirji. Mai kallo bai gama murmushi ba sai hotuna na gaske su biyo baya, inda ake ganin maza tsaye a shingayen binciken sojojin Isra'ila, sun ɗaga rigunansu a gaban bakin bindiga domin nuna cewa ba su ɗaura bam ba. Cikin 'yan mintuna fim ɗin ya faɗi abin da dogayen rahotanni suka kasa faɗa, wato jikin namijin Falasɗinu shi kansa an mayar da shi abin tuhuma.

Masu suka suna cewa wannan wasan 'yan boko ne na ɗakunan baje kolin Turai, wasu kuma suna cewa tonon silili ne ga mazan da aka nuna. Haba! Wa ya tuɓe su, mai kyamara ko mai bindiga? Hukumomin Isra'ila kan ce matakin tsaro ne saboda hare-haren ƙunar baƙin wake na wancan lokaci. Shekaru 20 bayan haka, a Disambar 2023, duniya ta ga hotunan maza daga Beit Lahiya da ke arewacin Gaza, sojojin Isra'ila sun durƙusar da su a kan titi daga su sai gajeren wando, kuma daga baya aka sallami da dama daga cikinsu saboda ba mayaƙa ba ne.

Ai ba don burgewa ne waɗannan finafinai ke zuwa gutsure-gutsure ba. Sashen fim na gwagwarmayar Falasɗinu ya fara aiki ne a Amman a ƙarshen shekarun 1960, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shi, Hani Jawhariyya, an kashe shi a Lebanon a 1976 yana riƙe da kyamara, sannan taskar finafinan ta ɓace a Beirut bayan mamayar Isra'ila ta 1982. Mutumin da aka raba da taskarsa, da guntayen da suka rage masa zai yi magana.

Ba na musun cewa wasu daga cikin irin waɗannan ayyuka suna da wuyar fahimta, kuma ina shakkar ko suna isa ga lebura ɗan sansanin 'yan gudun hijira na Jenin. Amma fim ɗin da aka saba ya riga ya tanadar wa namijin Falasɗinu gurbi biyu kacal, ko ɗan bindiga mai rufe fuska ko gawa marar suna. Ina zai sa leburan da ke bin layi a shingen Baitalami tun kafin asuba domin ya ciyar da iyalinsa? Ina zai sa fursunonin Falasɗinawa sama da 1,000 a gidajen yarin Isra'ila da suka shafe kusan kwana 40 suna yajin cin abinci a 2017, suna kurɓar ruwan gishiri, cikin buƙatunsu har da kawo ƙarshen tsare mutum ba tare da tuhuma ba? Ina zai sa Wael Dahdouh na tashar Aljazeera, wanda ya binne matarsa da ɗansa da 'yarsa da jikansa a Oktoban 2023, ya koma gaban kyamara, sannan a Janairun 2024 ya sake binne babban ɗansa Hamza? Babu ko ɗaya cikinsu da ke riƙe da makami a waɗannan lokutan, kuma dukkansu turjiya suke yi.

Saboda haka ina kira ga editocinmu na ɗakunan labarai da cewa, idan alƙaluman Gaza suka iso teburinsu gobe, bayan sun ambaci mata da yara, su faɗi adadin mazan, su kuma faɗa wa masu sauraro sana'ar da kowannensu yake yi idan an san ta.