Giyar da Ke Nuna a Cikin Ganga: Me Turawan Ingila Ke Nufi da Real Ale?

Ku dubi hannayen famfo da ke tsaye a kan kantar mashaya. Mashaya da yawa a tsakiyar garuruwan Ingila suna da irinsu huɗu ko biyar a jere, kowanne da tambarinsa. Kamar tuƙa-tuƙa suke, da ƙarfin hannu ake ja. Mai sayarwa yana janyowa, giya tana hawowa daga ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Ita ce suke kira real ale.

Giya ce mai sa maye, hukuncinta ga Musulmi kuwa sananne ne. Amma ɗalibinmu ko ma'aikaciyar jinya da ke zaune a Birtaniya za su ji abokan aiki suna musu a kanta kamar musun ƙwallo, gara su san zancen me ake yi.

Kayan haɗinta huɗu ne: ruwa, tsiron sha'ir, furen hop mai ba ta ɗaci da ƙamshi, sai yisti. Yawancin giyar manyan kamfanoni ana tace ta, a dumama ta har yistin ya mutu, sannan a ɗura mata gas kamar lemon kwalba. Ita kuwa wannan, da yistinta a raye ake rufe ta a ganga, ta ci gaba da nuna har ta iso mashaya. Wanda ya taɓa ganin burkutu yana tsuma a tukunya ana cikin sayar da shi, ya gane abin da nake nufi.

To, mu sauka ƙasa, don a nan aikin yake. Gangar da aka fi gani sunanta firkin, tana cin galan 9, wato kofi 72 na ma'aunin da suke kira pint, mai mililita 568. Mai kula da ɗakin zai kwantar da ita, ya buga ɗan turken katako a ramin sama don iska ta fita, ya kafa mata famfo da guduma, ya ƙyale ta kwana ɗaya ko biyu ta natsu. Sau da yawa akan sa wani sinadari da ake samu daga jakar iskar kifi, shi ke janyo yistin ya kwanta a ƙasa har giyar ta yi garau. Sanyin ɗakin bai wuce digiri 11 zuwa 13 ba, wato bai kai sanyin firji ba, shi ya sa baƙi ke cewa Turawan Ingila na shan giya mai ɗumi. Da an fara sayarwa iska ta shiga, kwana uku ko huɗu sai ta fara tsami.

Dalilin da ya sa ake ɗanɗana ta kafin a saya ke nan. Giya iri ɗaya, daga kamfani ɗaya, sai ta yi kyau a wannan mashayar ta lalace a ta gaba, saboda hannun mai kula da ganga. Mai saye yakan nemi a ɗiga masa kaɗan kyauta, ya ɗaga kofin ya duba hasken, ya shinshina, sannan ya kurɓa. Wasu mashayun suna jera ƙananan kofuna uku a kan katako, kowanne kashi ɗaya bisa uku na pint. Akan fara da mai ruwan zinare, a wuce zuwa bitter mai ɗan ja, a ƙare da baƙaƙe irin porter da stout.

Saura ƙiris wannan sana'a ta ɓace. A shekarun 1960 manyan kamfanoni shida sun mamaye kasuwa, suna cika mashayu da giyar gas, wadda ba ta buƙatar gwani. A 1971 wasu abokai huɗu suka kafa ƙungiyar CAMRA don kare giyar ganga, kuma daga wurinta sunan real ale ya fito. Har yau tana fitar da littafi duk shekara, Good Beer Guide, kuma 'yan ƙungiyar ne da kansu ke zagaya mashayun gari suna ɗanɗanawa kafin su zaɓi wadda za ta shiga.