Yadda Ake Gane Furannin Okid na Daji da Wuraren da Suke Tsirowa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban taro, malamaina, iyayenmu manoma da masu magani da suka amsa gayyata, da ku ɗalibai, ina yi muku barka da zuwa.

An ce in yi magana a kan dangin tsirran da masana suke kira okid, kuma na lura da yawa daga cikinku sun ɗauka cewa furanni ne na ƙasashen waje, irin waɗanda ake gani a tukunya a zauren manyan otal. Abin da nake so ku fita da shi daga wannan ɗaki shi ne, muna da namu a dajinmu, sun kai ɗaruruwan iri a Najeriya, kuma ba a iya gane ko ɗaya daga cikinsu gane na haƙiƙa sai an haɗa abu uku: siffar furen, wurin da ya tsiro, da lokacin shekarar da ya fito.

A duniya akwai irin okid kimanin 28,000, wato yana cikin dangin tsirrai masu fure mafi yawa, kuma ana samunsa a kowace nahiya in ban da Antatika mai ƙanƙara. Banila da ake sa wa kek da askirim ma daga 'ya'yan wani okid ake samunta. Amma duk yawan nan nasu, tsarin furensu ɗaya ne, kuma wanda ya riƙe tsarin ba zai ruɗe ba. Idan ka tsuguna gaban furen, ka ƙirga ganyayyakinsa, za ka samu shida: uku a waje, uku a ciki. Ɗaya daga cikin na cikin nan ya sha bamban da sauran, ya fi faɗi ko ya fi launi, wani ya yi aljihu, wani ya yi tsaga, wani kuma ya fitar da dogon bututu ta baya inda ruwan zaƙi yake taruwa. Wannan shi muke kira leɓe, kuma shi ne dandamalin da ƙwaro yake sauka a kai. A mafi yawansu leɓen yana ƙasa, saboda furen yakan murɗa kansa ya juya kafin ya buɗe. Idan kuka duba wuyan furen da kyau za ku ga alamar murɗawar kamar igiyar da aka tufka.

Alama ta biyu ita ce wadda ba ta ƙarya. A furen kuɓewa ko na rama za ku ga sassan namiji daban, na mace daban, ga kuma garin fure yana zuba a yatsa. A okid an haɗe namiji da mace a jiki ɗaya, ɗan gajeren ginshiƙi a tsakiyar furen, garin kuma an dunƙule shi curi-curi a ƙarƙashin wata 'yar hula a kan ginshiƙin. Idan ka sa tsinke a hankali, curin zai manne wa tsinken ya fito gaba ɗaya, kamar yadda yake manne wa kan zuma ko ƙwaro ya tafi da shi zuwa wani furen. Duk furen da kuka taɓa ya bar muku gari a hannu daga zarurruka shida, ku san ba okid ba ne.

Na tsaya a kan wannan ne domin akwai masu kama da su da suke ruɗin mutane a farkon damina. Gatarin kurege, mai furen ja da rawaya da yake hawa ciyawa, yana da kyau ƙwarai, amma zarurrukan namijinsa shida a fili suke, kuma guba ne mai kisa. Albasar kwaɗi ma haka, shida ne. Wanda ya fi ruɗarwa wani ɗan dangin citta ne mai furen shunayya da yake ɓullowa dab da ƙasa kafin ganyensa, har da faffaɗan leɓe kamar na okid. Sai dai garin furensa ba curarre ba ne, kuma idan aka ɓanɓari saiwarsa ƙamshin yaji ake ji. Ni kaina a farkon fitata daji na rubuta shi a littafina a matsayin okid, sai da malamina ya sa na koma na ƙirga sassan furen ɗaya bayan ɗaya.

To, ina ake samunsu? Sun kasu gida biyu: na ƙasa da na kan bishiya. A dajin ciyawa na tsakiyar Najeriya, inda doka da kaɗanya da ɗorawa suka yi yawa, na ƙasa sun fi yawa, kuma jagoransu shi ne jinsin Eulophia. Rayuwarsu ta ginu ne a kan rani da wuta. Suna da gindi a cikin ƙasa mai kama da rizga ko tumuku, jere kamar carbi, wanda yake ajiye ruwa da abinci duk tsawon rani, wutar daji ta wuce ta samansa ba ta taɓa shi ba. Da bazara ta kama, ko da yayyafin farko, sai ka ga kara ya ɓullo daga baƙar ƙasar da ta ƙone, ba ganye ko ɗaya, sai furanni kawai. Eulophia cristata haka take yi, da dogon zangon furanni masu launin shunayya mai haske da leɓe mai duhu. Eulophia cucullata kuwa furanninta ba su da yawa amma manya ne, ruwan hoda, leɓenta ya yi kumburi ta baya kamar aljihu. Ganyen, dogaye masu naɗi kamar na kwakwar da ta tsiro, sai daga baya suke fitowa, a lokacin furen ya riga ya bushe. Saboda haka wanda ya je wurin a watan Agusta ciyawa kawai zai gani, ya rantse babu komai, alhali yana tsaye a kansu.

Ku sauka daga tudu zuwa fadama, sai jinsin ya zama ɗaya amma irin ya canja. A inda ruwa yake kwanciya za ku iya samun Eulophia angolensis mai furanni rawaya, ko Eulophia horsfallii wadda karanta yakan fi mutum tsawo. A inuwar duwatsu da gefen kurmi kuma akwai Eulophia guineensis, mai faffaɗan leɓe fari-fari da ratsin hoda, sauran ganyen furen sirara sun lanƙwasa sama. Da marka ta kankama sai Habenaria su karɓi fage, a ciyawa mai damshi da kan falalen dutse inda ruwa yake tsatsafowa. Furanninsu farare ne ko kore-kore, masu tsage-tsage kamar ƙafar gizo, da dogon bututu a baya, kuma da yawa da dare suke ƙamshi domin malam-buɗe-littafi na dare ne yake yi musu barbara. Akwai kuma Nervilia, wadda fure yake fara fitowa ya mutu, sannan ganye guda ɗaya tak mai siffar mafici ya biyo baya, har mutum ya ɗauka tsirrai biyu ne daban.

Batun dogon bututun nan yana da labari. A shekarar 1862 aka aika wa masanin halittu ɗan Ingila Charles Darwin wani farin okid daga tsibirin Madagaska mai suna Angraecum sesquipedale, bututunsa ya kai kusan santimita 30, sai ya ce lallai akwai ƙwaro mai harshe da ya kai wannan tsawo. A 1903 aka bayyana ƙwaron, amma sai a 1992 aka gan shi yana shan ruwan furen. Darasin da mai bincike zai ɗauka shi ne ya auna bututun duk lokacin da ya samu fure, domin tsawonsa yana raba iri da iri, yana kuma nuna wane ƙwaro tsiron ya dogara da shi.

Yanzu mu ɗaga kai sama. Na kan bishiya su ne aka fi zalunta da zato, domin mutane suna ɗaukarsu kauci ne. Kauci yana huda reshe ya sha ruwan jikin bishiyar, shi ya sa manomi yake sare shi daga kaɗanyarsa. Okid ba ya shan komai daga bishiya, zama kawai yake yi a kanta. Saiwoyinsa suna kwance a kan ɓawo, farare, an lulluɓe su da wata fata mai kama da soso wadda take tsotse raɓa da ruwan sama. Idan ka zuba musu ruwa sai su koma kore. Mafi shahara shi ne Ansellia africana, mai furanni rawaya da ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa kamar fatar damisa. Yana yin babban dami a cokalin reshe ko a wuyan kwakwa, da kara masu kauri kamar rake, da siraran saiwoyi da suke miƙewa sama su zama kwando mai tare busassun ganye. An sa masa sunan John Ansell ne, wanda ya samo shi a tsibirin Farnando Po, Biyoko ta yanzu, lokacin balaguron kogin Neja na 1841. Kakanninmu sun san shi tun kafin haka. Likita Dalziel, wanda ya tattara sunayen tsirrai na Hausa a 1916, ya rubuta cewa ana kiran irin waɗannan manta uwa, domin ana ba yaron da aka yaye. Iyayenmu masu magani da suke nan, ina roƙonku bayan taro ku faɗa mana sunan da kuke kiransa a garuruwanku. A bishiyoyin bakin rafi kuma za ku ga Calyptrochilum christyanum, mai ganye masu kauri jere biyu a kan kara mai reto, da ƙananan fararen furanni a ƙarƙashin ganyen.

Duk inda ƙasa ta yi tudu sosai, lissafin yakan sake. Tsaunin Jos yana kan tsayin mita 1,200 zuwa sama, Mambila kuwa a jihar Taraba ta kai kimanin mita 1,600, ga Chappal Waddi mai mita 2,419 a gandun dajin Gashaka-Gumti, wanda shi ne ƙololuwa mafi tsayi a Najeriya. Sanyi da hazo suna sa a samu jinsunan da danginsu suke gabashi da kudancin Afirka. A ciyawar tsauni ana samun Disa da Satyrium, kuma raba su yana da sauƙi: Satyrium leɓensa a sama yake kamar hula, da bututu biyu, Disa kuwa bututu ɗaya gare ta, daga ganyen furen na sama yake fitowa ba daga leɓe ba. A kurmin tsauni irin na Ngel Nyaki da ke Mambila rassan bishiyoyi cike suke da gansakuka da ƙananan Polystachya da Bulbophyllum, waɗanda wasu furanninsu ba su kai ƙwayar shinkafa biyu ba, sai da gilashin ƙara girma ake ganin leɓensu.

Me ya sa kowannensu ya manne wa wurinsa haka? Amsar tana cikin irin. Kwanson okid ɗaya yana ɗauke da dubban iri, wani ma har miliyoyi, ƙanana kamar ƙura, kuma ba su da guzurin abinci irin wanda ƙwayar gero ko wake take da shi. Iska ce take watsa su, kuma irin ba zai rayu ba sai ya faɗa inda akwai wata funfuna ta musamman, dangin naman gwari, wadda zarenta zai shiga cikinsa ya ciyar da shi. Wani Bafaranshe, Noel Bernard, shi ya gano haka a 1899, sannan a 1922 Lewis Knudson a Amurka ya nuna ana iya tsirar da irin a kwalba idan aka ba shi sukari da gishirin abinci, wanda shi ne tushen noman okid na kasuwa a yau. A daji kuwa babu kwalba. Daga tsirowa zuwa furen farko akan ɗauki shekaru, kuma wannan shi ya sa nake jin zafi idan na ga an tono okid na ƙasa an kai shi tukunya: an raba shi da funfunarsa da ƙwaronsa, mafi yawa shekara ɗaya ko biyu suke yi su mutu, wurin da aka tono kuma ya zama kufai.

Wannan ba tsoro ne na banza ba. A Zambiya ana yin wani abinci mai suna cikanda da gindin Disa da Satyrium da Habenaria, kuma da kasuwarsa ta buɗe sai aka dinga tono miliyoyi daga tsaunukan kudancin Tanzaniya, har hakan ya zama cikin dalilan kafa gandun dajin Kitulo a 2005 domin kare furanni. Yarjejeniyar CITES ta ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirran daji, wadda Najeriya take cikinta, ta sa dukkan dangin okid a jerin abubuwan da ba a fitar da su ƙasashen waje sai da takardar izini. A wajenmu abin da ya fi cinye su shi ne sare bishiyoyin bakin rafi, da mayar da fadama gona, da ƙona daji a makare bayan furanni sun riga sun ɓullo.

Ga ɗalibai da za su fita da mu, ba a buƙatar tsinke fure domin a gane shi, wayar da take hannunku ta isa. Ku ɗauki hoton furen ta gaba domin leɓe da ginshiƙi, ta gefe domin bututu, sannan tsiron gaba ɗaya da wani abu a kusa da zai nuna girmansa, ko da biro ne. Ku rubuta ranar, ku rubuta ko tudu ne ko fadama ko falalen dutse, ko wuta ta ci wurin bana, ko akwai ganye tare da furen, in kuma a bishiya yake, wace bishiya ce kuma a wane reshe. Idan kun samu wanda ba shi da fure, ku sa alama a wurin ku komo bayan wata ɗaya, domin ganye kaɗai ba ya isa a yanke hukunci. Kuma idan za ku sa hoton a intanet, ku ambaci ƙaramar hukumar kawai, kada ku bayyana takamaiman wurin, saboda masu tono ma suna duba waɗannan hotuna.

Shugaban taro, a nan zan dakata, sai a ba masu tambaya dama. Na gode.