Tsiriyar Karolina: Yadda Garke Ya Ƙare

Assalamu alaikum. Malamai da ɗalibai, barkanmu da yamma.

Da an ambaci aku, hankalin yawancinmu kan tafi dajin da ke da zafi da ruwan sama mai yawa. Amma akwai wata 'yar dangin aku da ta zauna a gabashin Amurka, inda ganye ke zubewa da kaka, ƙanƙara kuma ta sauka da hunturu. Ana kiranta tsiriyar Karolina, kuma yanzu jinsinta ya ƙare a duniya. Mazauninta ya faro daga kudancin Niyok da Wiskonsin har bakin Tekun Meziko. Tsawonta kamar santimita 33, jikinta kore, kanta rawaya, goshinta ruwan lemo.

Tana son tsofaffin itatuwan bakin kogi da fadama. A kogon itace take kwana, da yawa a rami guda, a nan kuma take ƙwai. Abincinta kuwa, ku saurara da kyau, har da 'ya'yan ciyawa mai ƙaya, 'yar uwar ƙarangiyar nan tamu, da kuma 'ya'yan wata shuka mai guba da dabbobin gida ke mutuwa idan sun ci tsironta. Ita tana ci lafiya lau. Mai zanen tsuntsaye John James Audubon ya ruwaito cewa kyanwa kan mutu idan ta ci naman wannan tsuntsuwa.

To me ya cinye ta? An sare daji an yi gonaki, an harbe ta don gashinta da ake ƙawata hulunan mata da shi, an kama wasu an sa a keji. Manoma kuma sun ɗauke ta ɓarauniya, don garke guda kan sauka a lambu ya yi wa 'ya'yan itace kaca-kaca.

Ni dai a ganina, halinta ne ya fi ba maharba sa'a. Idan aka harbi ɗaya ta faɗi, sauran ba sa gudu. Sai su tashi, su yi ta kewaya wurin suna kuka, su sake sauka kusa da ita. Maharbi kuwa ya ɗura bindiga ya ƙara. Da haka mutum ɗaya ke gamawa da garke a zama ɗaya.

Na ƙarshe da aka sani, namiji mai suna Inkas, ya mutu a gidan namun daji na Sinsinati ranar 21 ga Fabrairun 1918. A 1939 masana suka bayyana cewa jinsin ya ƙare. A 2019 aka karanta ƙwayoyin halittar wata gawa da aka adana, ba a ga alamar auratayyar dangi ba, wadda ake gani a jinsin da ya daɗe yana raguwa. Wato ba a hankali ta lalace ba, farat ɗaya abin ya same ta.

Ɗan'uwa da ke can baya, na ga hannunka, bismillah.