Yadda ɗan Filifin zai dawo da shaidar ƙasarsa bayan ya rasa ta

Ku ɗauka wata mata ce daga Cebu a ƙasar Filifin, ta tafi aikin nas a Amurka, ta shekara goma sha, ta karɓi takardar zama ɗan ƙasa a can. To daga ranar da ta ɗaga hannu ta yi rantsuwa, a idon dokar Filifin ta tashi daga 'yar ƙasa. Wata tsohuwar doka ce ta 1936 mai suna Commonwealth Act 63 ta ce haka. Gashi kuma tsarin mulkin 1987 ya hana baƙo mallakar fili, wato gonar ubanta tana nan amma in ta zo sayen wani fili sai an yi mata iyaka kamar baƙuwa, abin da ciwo wallahi.

A 2003 shugaba Gloria Macapagal Arroyo ta sa hannu a dokar Republic Act 9225, kuma ita ta gyara wannan matsalar. Sharaɗin farko, kuma shi ne babba: dole a ce an haife ka ɗan Filifin ne tun asali, wato uwa ko uba ɗan ƙasar ne lokacin da aka haife ka. Wanda ya samu takardar daga baya bai shiga ba. Akwai wani ɗan tarko ga waɗanda aka haifa kafin 17 ga Janairu 1973 uwa 'yar Filifin uba baƙo, su sai an ga sun zaɓi Filifin da suka balaga.

Sauran aikin ba wahala. Za ki je ofishin jakadanci ko ƙaramin ofishin da ya fi kusa, ko a Abuja ma akwai nasu, in kuma kina gida sai hukumar shige da fice, Bureau of Immigration, a Manila. Ki tafi da takardar haihuwa daga hukumar ƙididdiga ta Filifin, PSA, tsohon fasfon Filifin in yana nan, takardar zama 'yar Amurka, fasfon Amurkan, hotuna, da takardar aure in suna ya canza. Sai a tsayar da ki gaban jami'i ki karanta rantsuwar biyayya ga Jamhuriyar Filifin, a ba ki takardar shaida mai suna Identification Certificate, shikenan kin dawo, kuma Filifin ba ta ce ki jefar da fasfon Amurka ba. 'Ya'yan da ba su kai 18 ba kuma ba su yi aure ba suna biyo ki, amma fa sai kin saka sunansu a takardar neman, mutane da yawa nan suke mantawa.

Bayan haka kina iya sayen fili ba iyaka, ki karɓi fasfo, ki yi rajistar zaɓe daga waje.

Siyasa ce kawai ke da nata sharaɗi. Mai son tsayawa takara ko karɓar muƙamin gwamnati sai ya yi watsi da ɗayar ƙasar a rubuce bisa rantsuwa. Grace Poe, wata 'yar siyasar Filifin, ta dawo da shaidar ƙasarta a 2006, ta ajiye ta Amurka a 2010 da za ta karɓi muƙami, amma da ta fito takarar shugaban ƙasa sai da maganar ta kai kotun ƙoli, a 2016 kotun ta ce tana iya tsayawa takarar.