Namijin da na ɗauko daga Hamm, da ukun da na bari a kan tebur

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Daga Dortmund nake magana, kuma in kun lura yau ba a ɗakin macizai muke ba. Nan ɗan ƙaramin ɗakin ajiyar kaya ne da na share shekaranjiya, saboda baƙon da ke cikin wannan farin akwatin soso. Jiya Asabar na je kasuwar dabbobi masu jan ciki ta Terraristika a garin Hamm, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba daga nan, na dawo da namijin da na yi kusan shekara ina nema. Kafin in buɗe jakar, bari in gaya muku yadda aka yi na tsaya a kansa, don da yawanku kun tambaye ni wane irin namiji ya kamata mai ƙaramin kiwo ya saya.

Ga sababbin zuwa: abin da nake kiwo ƙaramar mesa ce, wadda masana ke kira Python regius, Jamusawa kuma Königspython, wato mesar sarauta. Ba ta da dafi. In ta tsorata sai ta dunƙule kamar gammo ta cusa kanta a tsakiya. Asalinta ƙasarmu ce, daga Senegal har Yuganda, kuma yawancin waɗanda aka fara shigo da su Turai da Amurka daga Ghana da Togo da Benin suka fito. Ranar da na fara nuna wa Hajiyarmu ɗaya a waya, shiru ta yi, can ta ce, "Kai yanzu gardi ka zama?" Na ce, "A'a Hajiya, kiwo ne kamar na tantabaru, sai dai su ba sa tashi." Har yau ba ta gamsu ba, amma takan tambayi lafiyarsu, kuma wannan ya ishe ni.

To, magana ta farko. Namiji ba daga teburin mai sayarwa ake fara zaɓensa ba, daga matan da ke gidanka ake farawa. Ni mata biyu gare ni. Akwai Gimbiya, Pastel ce (irin waɗannan sunaye na launi da zanen da ake gada ne), shekararta huɗu, nauyinta gram 1,750, tana ɗauke da gadon Pied a ɓoye. Akwai kuma Laraba, Mojave ce, gram 1,300, bana ba za ta shiga ba, don ba na haɗa macen da ba ta kai gram 1,500 da shekara uku ba. Kenan duk lissafin bana a kan Gimbiya yake.

Gado a wajen waɗannan macizai iri biyu ne da ya kamata ku riƙe. Akwai mai bayyana, irin su Pastel, Enchi, Mojave, Lesser: in uba ko uwa na da shi, kowane ƙwai yana da rabin damar fitowa da shi. Akwai kuma ɓoyayye, irin su Pied, Clown da Albino: sai ɗan ya samu daga uwa, ya kuma samu daga uba, sannan a gan shi a jiki. Wanda ya samu daga ɓangare ɗaya kawai, shi ake ce wa het. Kallonsa kamar macijin daji, amma abin na nan cikin jininsa. Pied shi ne mai dabbare-dabbaren fari tas kamar an zuba masa nono, wanda Peter Kahl ya tabbatar a 1997 cewa ana gadonsa.

Yanzu ku bi ni a hankali. In na haɗa Gimbiya da namiji het, kowane ƙwai damarsa ta zama Pied ɗaya ce cikin huɗu. Mace kuwa ƙwai shida ko bakwai take yi a shekara, wani lokaci huɗu. Za ka iya jiran kwana 55 zuwa 60 kana gadin akwatin ƙyanƙyasa a kan digiri 31, su fashe, babu Pied ko ɗaya. Sauran 'ya'yan kuma ba ka san wa ya ɗauka wa bai ɗauka ba, shi ne kuke gani ana rubuta 66% a jikin robar da ake sa su, wato biyu cikin uku ake sa ran sun ɗauka. Ni wannan cinikin biri a sama ne. Amma in namijin Pied ne sosai, ana gani a jikinsa, rabin ƙwan ne ke da damar fitowa Pied, sauran kuma duk het ne babu tantama. Shi ya sa nake cewa kuɗin da za ka ƙara, ƙara shi a kan namiji. Mace sheƙa ɗaya za ta ba ka a shekara, namiji kuwa jininsa zai shiga kowace sheƙa da ke gidan.

Da wannan lissafin a rubuce a bayan tikitin jirgin ƙasa na shiga zauren. Tare muka je da wani abokina ɗan Zangon Kumasi, wanda ba ya taɓa maciji amma yana son kallo. Mutane maƙil, zafi kamar ba Jamus ba, tebur bayan tebur na ƙananan robobi masu murfi.

Na farkon da ya tsayar da ni Banana Pied ne. Wallahi kyakkyawa, ruwan ɗorawa da shuɗi-shuɗi mai haske, ga farin. Na daɗe a gabansa. Amma Banana yana da wani hali da ba kowa ke faɗa wa mai saye ba: gadonsa yana tafiya tare da jinsi. Namijin da ya gaji Banana daga ubansa, 'ya'yansa masu Banana kusan duk maza ne. Wanda ya gada daga uwarsa kuma, kusan duk mata yake bayarwa. Dalilin ya ƙara fitowa fili a 2017, da masu bincike suka nuna cewa mesa tsarin X da Y gare ta kamar mutane, saɓanin abin da aka daɗe ana zato. Ni mai ƙaramin kiwo mata nake bukata in ajiye don gaba. Na tambayi mai shi, uban ne Banana ko uwar? Ya ɗaga kafaɗa ya ce shi ma saye ya yi. Na yi masa godiya na wuce. Mutumin da bai san iyayen dabbarsa ba, ba zan ɗora shirin shekara biyar a kan maganarsa ba.

Na biyu shi ne ya fi tsaya min a rai, kuma a kansa nake so ku saurara da kyau. Spider Pied ne, farashinsa ƙasa da sauran. Zanen kansa siriri kamar an ja shi da alƙalami, jikin kusan duk fari. Na roƙi a ba ni shi a hannu. Minti ɗaya yana kwance lafiya. Da ya ɗaga kai zai hau hannuna, sai kan ya fara karkarwa, ya karkace gefe, ya juya har haɓarsa ta kalli rufi, ya tsaya a haka kamar bai san ina ne sama ina ne ƙasa ba. Na ji shi a tafin hannuna yana ƙoƙarin gyara kansa. Abokina ya matso ya ce, "Yaya, wannan lafiyarsa kuwa?" Mai sayarwa ya ce ai kaɗan ne, yana cin abinci.

Gaskiya ne da yawansu suna ci, suna rayuwa. Amma wannan karkarwar manne take da gadon Spider ɗin kansa, ba a raba su. Uba mai kaɗan yana iya haifar ɗa mai tsanani. A 2022 masu bincike a nan Jamus sun duba kunnen ciki na irin waɗannan macizai, suka tarar gurbin da ke riƙe daidaiton jiki a tauye yake. Ƙungiyar IHS ta masu kiwo a Ingila ta hana sayar da Spider a kasuwanninta tun 2018. A nan ma dokar kare dabbobi tana da sashe na 11b da ya hana kiwon da ke haifar wa dabba wahala. Ko babu doka, ni ba zan iya ba. In na sayi wannan namiji, rabin duk abin da zai haifa zai ɗauki abin nan, kuma ni na haɗa su da hannuna, ni za a tambaya. Hausawa na cewa kyan ɗan maciji, to jiya na gan shi da idona. Na mayar da shi robarsa a hankali. Irin wannan matsalar tana tare da Champagne da Woma ma, ku kiyaye.

Na uku Lesser Pied ne, kuma a takarda shi ya fi dacewa da ni, don zai yi wa matan biyu aiki: Pied daga Gimbiya, sannan baɗi in an haɗa shi da Laraba, ɗaya cikin huɗu zai iya fitowa fari fat mai shuɗin ido. Sai dai gram 310 ne kawai, ɓera mai rai yake ci, kuma masu kiwo da dama sun sha ba da labarin ƙananan idanu a haɗin Lesser da Pied. Na duba nasa, ban natsu ba. Na bar shi.

Sai can kusa da ƙarshen zauren, wajen wata dattijuwa da ta zo da macizai bai fi goma sha biyu ba. Bari in buɗe jakar yanzu. Ku dakata in kwance igiyar. Yawwa, ga shi nan. Enchi Pied. Ku ga ya dunƙule, tafiyar jiya ce ba ta sake shi ba. Bari in matso da kyamara. Kun ga wannan ruwan lemo a gefen cikinsa, kamar bayan tukunyar ƙasa da ta sha wuta? Aikin Enchi kenan. Yana rage baƙi, yana ƙara ɗumin launi, kuma a jikin Pied yakan rage yawan farin, zanen ya samu wurin fitowa. Farinsa zobe biyu ne kawai, ɗaya a tsakiya ɗaya kusa da wutsiya. Wasu sun fi son mai farin da yawa. Ni na fi son in ga zane.

Da abokina ya karanta sunan a jikin robar sai ya ce, "Enchi? Ai gari ne a yammacin Ghana, kusa da iyakar Kwaddibuwa, ƙasar koko. Kawuna ya yi fatauci a can." Daga can aka samo sunan. Ya tsaya yana kallon macijin wani irin kallo, ya ce, "Ashe kai ma baƙo ne a nan." Daga nan har muka iso gida shi ya riƙe akwatin a cinyarsa.

Ba launin kaɗai ya sa na biya ba. Matar nan ta miƙo min katin cin abincinsa tun daga ranar da ya fashe: kwanan wata, girman ɓera, ranar da ya yi saɓa, har makonni uku da ya ƙi ci a hunturun bara ta rubuta, ba ta ɓoye ba. Daskararren ɓera da aka narkar yake ci, abin da nake ba nawa kenan. Ta nuna min hoton uban da uwar a wayarta. Ta ɗora shi a sikeli a gabana, gram 740, shekara ɗaya da rabi. Namiji yakan iya aiki daga wajen gram 600 zuwa 700, amma na fi son mai ɗan jiki, don in lokacin barbara ya zo da yawansu suna daina ci, kuma ƙaramin namiji yana iya ramewa har ya kwanta. Ta matsa gindin wutsiyarsa a hankali ta nuna min shaidar cewa namiji ne, ban dogara da rubutun roba ba.

Ni ma na yi nawa binciken. Na kai shi kusa da kunnena na saurari numfashinsa, babu shaƙa babu ƙara. Na duba bakinsa, babu kumfa ko yauƙi. Na bi ƙashin bayansa da yatsa daga wuya har wutsiya, babu lanƙwasa. Na duba kewayen ido da tsagar ƙarƙashin haɓa, inda ƙananan baƙaƙen kaska ke ɓuya, sannan na kalli tafin hannuna ko wani abu ya biyo. Na juya shi rigingine, nan take ya mirgino daidai. Sannan ta ba ni takardar asali, wadda a nan ake kira Herkunftsnachweis. Wannan mesa tana cikin rukuni na biyu na yarjejeniyar CITES mai tsara cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, don haka ko da a Jamus ba a tilasta maka yi mata rajista ba, dole takardar da ke nuna inda ta fito ta kasance a hannunka. Kada ku karɓi maciji babu ita.

Da Gimbiya, kowane ƙwai yana da damar ɗaya cikin takwas ya haɗa duka ukun, Pastel da Enchi da Pied. Ƙila in samu, ƙila in rasa, wannan na Allah ne. Abin da na tabbatar shi ne duk abin da ya fito ina da wurin sa shi. Na ƙirga robobina, takwas ne a shirye da ɗuminsu. Waɗannan dabbobi suna kai shekara 20 zuwa 30, kuma kasuwa cike take da maza marasa launi da ba mai tambayarsu. In ɗa bai samu gida ba, a wurina zai zauna, da abincinsa da kuɗin wutarsa. Mai ɗakina ta sa na yi mata wannan alkawarin kafin in fita jiya, kuma tana da gaskiya.

Yanzu zai zauna a ɗakin nan shi kaɗai kwana 90. Takarda fara a ƙasa don in ga kashinsa da duk wani ƙwaro, maɓoya biyu, kwanon ruwa, gefen ɗumi a digiri 32. Hantsakin ba shi abinci daban, kuma kullum shi ne na ƙarshe da zan taɓa, in wanke hannu in canja riga. Ranar Talata zan kai shi wajen likitan dabbobi a ɗauki samfurin bakinsa a gwada cutar nido, wadda ke kama huhunsu, don maciji yana iya ɗauke da ita watanni bai nuna ba. Sai sakamako ya fito da kyau, kwanakin sun cika, sannan zai ga Gimbiya.

Kun ga ya fara warwarewa, ga harshen ya fito. Ku kalli yadda kan yake tsaye cak, babu rawa. Bari in sa shi a mazauninsa in kashe fitila, ban da zuwa wajen likita ranar Talata, ba zan sake taɓa shi ba sai bayan mako guda in ya karɓi ɓeran farko. Suna kuma ban sa masa ba tukuna, abokina ya ce shi zai raɗa. Sai mun haɗu a bidiyo na gaba, a gaida gida.