Ɗakin Ƙarshe a Asibiti: Aikin Masaniyar Halayyar Ɗan Adam da Matasan da Firgici Ya Kama

Assalamu alaikum, masu kallonmu. Ku biyo ni mu leƙa wani asibiti.

Ga wata uwa nan zaune a kan benci, 'yarta mai shekara 15 tana gefenta, ta jawo hijabi har kan gira, idonta a ƙasa. Wata uku ke nan yarinyar tana fama da ciwon kai da ciwon mara. Barci ya ƙaurace mata, in ma ta runtsa sai ta farka a firgice. An yi gwajin maleriya, an yi na taifod, an sha magani, an yi ruƙiyya, an sha rubutu, abin yana nan. Yarinyar da a da ba a raba ta da ƙawayenta, yanzu ko aiken kanti ba ta son zuwa. Daga ƙarshe likita ya rubuta 'yar takarda ya ce, "Hajiya, ku je ɗakin can na ƙarshe, akwai wadda za ta gan ta."

Misali ne na kawo, amma duk wanda ya yi aiki a asibiti ya ga irinsa. A ɗakin nan babu allura, babu ƙarin ruwa. Kujeru ne uku, da tebur, da kofin ruwa. Wadda ke zaune a ciki masaniyar halayyar ɗan Adam ce ta asibiti, kuma aikinta ne za mu duba yau.

Mutane kan haɗa ta da likitan ƙwaƙwalwa, alhali hanyar kowa daban. Likitan ƙwaƙwalwa likitanci ya karanta, sannan ya ƙware a fannin lafiyar ƙwaƙwalwa, shi ke rubuta magani. Ita kuwa digirin farko ta yi a ilimin halayyar ɗan Adam na shekara huɗu, ta ɗora da digiri na biyu a ɓangaren asibiti, sannan ta zauna horo a ƙarƙashin manya, a wurare irin su asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri. Jami'ar Najeriya da ke Nsukka ce ta fara buɗe sashen wannan ilimi a ƙasar nan a 1964, a Arewa kuma Jami'ar Jos ta daɗe tana yaye masu karanta shi. Kayan aikinta su ne tambaya, da sauraro, da gwaje-gwajen da aka tsara, da hanyoyin jinya ta magana waɗanda bincike ya tabbatar da amfaninsu.

To me take nema a wurin wannan yarinya?

Akwai wani ɗan ƙaramin sashe a cikin ƙwaƙwalwa da ake kira amigdala. Ku ɗauke shi kamar maigadin gida. Da ya hango haɗari sai ya buga ƙararrawa: zuciya ta hau bugu, numfashi ya yi sama, jiki ya shirya gudu ko faɗa. Wannan rahama ce, da ita muke tsira. Matsalar tana zuwa ne idan haɗarin ya wuce amma maigadin ya ƙi ajiye sandarsa. Ƙarar babur, ƙamshin wani turare, ko a rufe ƙofa da ƙarfi, sai jiki ya koma ranar nan kamar yanzu abin ke faruwa. Mutum ya riƙa mugun mafarki, ya riƙa kauce wa hanyar da abin ya same shi, ya zama kullum a ɗarare. Idan hakan ya haura wata guda kuma ya hana shi harkokinsa, masana na kiransa ɗimuwar bayan bala'i. A 1980 ne wannan lalura ta shiga kundin cututtukan ƙwaƙwalwa na likitocin Amurka, bayan abin da aka gani a jikin sojojin da suka dawo daga yaƙin Biyetnam, da kuma matan da aka yi wa fyaɗe.

Akwai abu guda da nake so ku riƙe daga nan. Ban da gudu da faɗa, jiki yana da martani na uku, wato sandarewa. Mutum ya daskare, murya ta maƙale, hannu da ƙafa su ƙi motsi. Ba shi ya zaɓa ba, ƙwaƙwalwa ce ta yanke hukunci kafin ya yi tunani. Shi ya sa tambayar nan da aka saba jefa wa yarinya, "Me ya sa ba ki yi ihu ba?" take da ciwo ƙwarai. Ita ma kullum dare tambayar da take yi wa kanta ke nan. Ranar da masaniyar ta yi mata bayani, ta ce, "Ƙanwata, jikinki ne ya yi abin da zai tsirar da ke, ba yarda kika yi ba," sau da yawa ranar ce yarinya ke fara ɗago kai ta kalli fuskar mutum.

A nan ne fannoni biyu suka haɗu, jinyar firgici da lafiyar jima'i ta matasa. A takarda kamar abu biyu ne, a ɗakin duba marasa lafiya kuwa mutum ɗaya ne ke ɗauke da su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce shekarun tasowa daga 10 ne zuwa 19. A cikinsu ne jinin al'ada ke farawa, namiji ya fara mafarkin balaga, jiki ya canza, tambayoyi su yi yawa. Kunya ado ce a wurinmu, kuma ni ban ga laifinta ba. Amma mai mugun nufi ya san yaron da ba zai iya buɗe baki ya yi wa uwarsa zancen jikinsa ba, ba zai iya kai ƙara ba ma.

Wani babban bincike da Vincent Felitti da Robert Anda suka jagoranta a San Diego, wanda aka fara buga sakamakonsa a 1998 kuma ya haɗa manya sama da 17,000, ya nuna cewa gwargwadon yawan cutarwar da mutum ya sha yana yaro, gwargwadon yadda haɗarin matsananciyar damuwa, da shaye-shaye, da cututtukan da ake ɗauka ta jima'i, da cikin ƙuruciya ke ƙaruwa a gare shi. Don haka idan aka kawo yarinya da sunan "ta lalace," ko saurayi da sunan "ya fara shan ƙwaya," masaniyar ba ta farawa da faɗa. Tana son sanin abin da ya faru kafin nan. Kuma kada a manta, yara maza ma ana cin zarafinsu, kuma su bakinsu ya fi nauyi.

Ba ta kuma faɗa wa zancen kai tsaye. Akwai tsari. Za ta roƙi uwa ta ɗan ba su wuri: "Mama, don Allah ki ba mu minti kaɗan, zan kira ki." Sai ta fara daga nesa. Wa da wa ke gida? Yaya makaranta? Wace ce babbar ƙawarki? Kina samun barci? Sai an yi nisa, an saba, sannan ta zo kan abin da ya fi nauyi. Kafin duk wannan kuma za ta faɗa mata gaskiya: abin da kika gaya mini sirri ne, sai dai idan rayuwarki ko ta wani tana cikin haɗari, ko har yanzu ana cutar da ke, to dole mu nemi wanda zai kare ki, kuma ba zan yi hakan a ɓoye miki ba.

Idan abin sabo ne, akwai agogo da ke tafiya, kuma ina roƙon ku haddace waɗannan alƙaluma biyu. Maganin kariya daga kamuwa da ƙanjamau bayan fyaɗe sai an fara shi cikin awa 72, a sha na kwana 28. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa kuma yana aiki ne cikin kwana biyar, kuma sauri ya fi. Kwanakin da dangi kan ɓata suna shawarar a rufa asiri ko a tona, su ne kwanakin da maganin ke da amfani. An buɗe cibiyar farko ta kula da waɗanda aka ci zarafinsu a Najeriya, wato Mirabel, a Legas a 2013. A Kano akwai Waraka a Asibitin Murtala, a jihar Kaduna akwai cibiyoyin Salama. A irin waɗannan wurare ana duba jiki, a ba da magani, a kuma samu mai ba da shawara.

Sai jinyar kanta. Kuskure ne a zaunar da mutum washegarin bala'i a ce sai ya zayyana komai, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan haka. Ana farawa ne da kwantar da jiki: jan numfashi a hankali, dafa ƙafa a ƙasa, lissafa abubuwan da ido ke gani a ɗaki, har jiki ya gane yau ce, ba ranar nan ba. Ga yara da matasa akwai tsarin da Judith Cohen da Anthony Mannarino da Esther Deblinger suka samar, wanda kan ɗauki zama 8 zuwa 25, kuma abin da ya burge ni da shi shi ne ana jinyar tare da uwa ko uba. Ita ma uwar ana zama da ita, a koya mata yadda za ta saurari 'yarta ba tare da salati da kuka sun katse maganar ba.

Akwai kuma wata hanya da masana na Jami'ar Konstanz a Jamus suka tsara, Maggie Schauer da Frank Neuner da Thomas Elbert, aka gwada ta da 'yan gudun hijirar Sudan a sansanin Imvepi na arewacin Yuganda. Igiya ake shimfiɗawa a ƙasa, ita ce rayuwar mutum tun daga haihuwa. Sai a ba shi furanni da duwatsu. Fure na ranar farin ciki ne, kamar ranar saukar karatu ko haihuwar ƙani. Dutse na ranar baƙin ciki. Shi zai jera su da hannunsa, kowane a gurbinsa. Ƙarshen igiyar a bar shi a naɗe, domin shekarun da ba su zo ba. Daga nan zama bayan zama ana bin igiyar, a tsaya a kan kowane dutse a ba da labarinsa dalla-dalla, har abin da ke faɗo wa mutum ba zato ya samu rana da wuri, ya zama labarin da ya wuce.

Buƙatar wannan aiki a wurinmu ba ƙarama ba ce. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 ya ce kusan mutum ɗaya cikin biyar a yankunan da ake rikici yana fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa. Ku tuna 'yan matan Chibok 276 da aka sace a watan Afrilun 2014, da na Dapchi a 2018, da dubban da ba a san sunansu ba a Borno da Zamfara da Katsina. Wasu sun dawo da goyo, suka tarar da ƙyama tana jiran su a gida. Dakta Fatima Akilu, masaniyar halayyar ɗan Adam da ta yi aiki a ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, ta kafa gidauniyar Neem a 2016, tana tura masu ba da shawara har cikin garuruwan Borno maimakon jiran mutane su zo asibiti. A watan Janairun 2023 kuma aka sanya hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Duk da haka ƙwararrun ba su da yawa, shi ya sa babban ɓangare na aikin masaniyar shi ne horar da ma'aikatan jinya, da ungozoma, da malaman makaranta, su iya gane alamun tun da wuri.

Ga ɗalibin da ke sha'awar wannan hanya, ya sani aikin yana da nauyinsa. Wanda ya wuni yana sauraron irin waɗannan labarai, shi ma yakan fara mafarkinsu, ko ya riƙa tsoron barin 'ya'yansa su fita. Don haka ƙa'idar aikin ta tanadi cewa ita ma masaniyar tana da babba da take zama da shi lokaci-lokaci, su duba aikinta, su duba halin da ita kanta take ciki.

Mu koma ɗakin can na ƙarshe. An yi kusan awa guda. Yarinyar ba ta faɗi komai ba tukuna, ta dai ce ba ta son bin layin bayan makarantarsu, kuma masaniyar ba ta matsa mata ba. Ta buɗe ƙofa ta kira uwar, ta ce, "Mama, ciwon 'yarki na gaske ne, kuma ana samun sauƙinsa. A yanzu kada a tsananta mata da tambaya, kada kuma a aike ta ita kaɗai. Ku dawo ranar Talata, ke da ita."