Wayar netwok guda ta tsayar da bene guda, ni na gano ta

Assalamu alaikum jama'a, barkanku da warhaka. Yanzun nan na tashi daga aiki, ko gida ban kai ba na ce sai na kunna kyamara, don daɗin da na ji yau ba zai bar ni in yi shiru ba. Ku yi haƙuri da ƙarar motoci, a tasha nake.

Wajen ƙarfe 10 na safe netwok ɗin da ke haɗa kwamfutocin wurin aikinmu ya ɗauke a bene na uku gaba ɗaya. Firinta ta tsaya, wayoyin tebur suka mutu, kowa ya miƙe tsaye yana tambayar na kusa da shi. Ogana yana wani reshe, sai ni kaɗai, ni da wata huɗu ke nan da fara aiki a matsayin ƙaramin ma'aikacin netwok. Na shiga ɗan ɗakin da ake ajiye na'urori, na tarar fitilun suwic ɗin, wato na'urar da ake jona wayoyin kwamfutoci a jikinta don su haɗu da juna, duk suna ƙyaftawa lokaci guda kamar za su fashe. Wallahi ina gani gabana ya faɗi, amma nan take na tuna na taɓa karanta wannan alamar. Na bi tebur-tebur ina leƙa ƙarƙashi, har na isa ɗakin taro. Can na ga wani ƙaramin suwic a ɓoye, wani bawan Allah ya ga wayar netwok tana lilo, ya ɗauka taimako zai yi, ya cusa kanta da gindinta duk a na'ura ɗaya. Na zare. Kafin minti ɗaya komai ya dawo.

Abin da ke faruwa shi ne, saƙo yana fita ta wannan ramin jona waya ya dawo ta wancan, ya sake fita, yana ta ninkuwa har ya cushe hanya, babu mai wucewa. Tun 1985 wata injiniya mai suna Radia Perlman ta ƙirƙiro tsarin da ke hana wannan zagaye, ana ce masa STP, sai dai ƙananan suwic ɗin da mutane ke sayowa su jona da kansu yawanci ba su da shi. Da ogana ya kira na yi masa bayani, sai ya ce in rubuta rahoton da sunana. Alhamdulillah. Na so a ce yayana yana kusa, shi ne ya fara nuna min yadda ake kwance kwamfuta. A nan ko wanda zan ba labarin da Hausa babu, shi ya sa na zo gare ku.

Da yawanku kuna tambayata wai me ƙaramin ma'aikacin netwok yake yi. Kar ku ɗauka zama ne a gaban allo ana ta buga umarni. Rabin yinina a durƙushe nake. Koke yana shigowa, wannan ta manta kalmar sirri, wancan laftof ɗinsa ya ƙi kama Wi-Fi, in ɗauka, in warware, in rubuta abin da na yi. Wanda ya fi ƙarfina in miƙa wa na sama, da cikakken bayanin abin da na riga na gwada. Ina haɗa kan waya da hannuna: siraran wayoyi 8 ne a ciki, kowace da launinta da gurbinta, ka musanya guda biyu aikin ya tashi. Kuma kar ka ja ta fiye da mita 100, daga nan saƙo yake fara raunana. Idan na duba kwamfuta na ga adireshinta na netwok ya fara da 169.254, na san ba ta samu adireshi daga sabar, wato na'urar da ke raba adireshi, ba, sai in san inda zan nufa. Irin waɗannan ƙananan alamun su ne jarin mutum.

Maganar takardu kuma, wasu wuraren suna neman difloma ko digiri a fannin kwamfuta, wasu satifiket ya ishe su in dai hannunka ya iya. Ni Network+ na kamfanin CompTIA na fara da ita: tambaya ba ta wuce 90, a minti 90, kuma sai ka ci maki 720 cikin 900. Shekara uku take aiki sannan a sabunta. Yanzu CCNA ta Cisco nake karantawa, ita awa biyu ake zama, kuma ta fi zurfi nesa ba kusa ba.

Ƙannena, don Allah ku guji haddace amsoshin jarrabawa da ake yawo da su a intanet. Na ga mai satifiket da aka miƙa wa waya a ganawar ɗaukar aiki ya rasa ta inda zai fara. Ku sauke Packet Tracer, manhajar gwaji ce ta Cisco, ku gina netwok a ciki, ku lalata shi da gangan, ku gyara. Sannan kar ka kuskura ka canza saitin babban suwic ba tare da izini ba, ko da ka tabbata daidai ne, domin layi ɗaya na iya kashe kamfani guda. Kuma in ka gano mai laifi, kar ka tozarta shi. Wanda ya jona wayar nan yau na san shi, na ja shi gefe na nuna masa abin da ya faru, ya yi godiya. Gobe in ya ga wata matsala ni zai fara gaya wa.

Oga ya ce da safe in zagaya benen nan in liƙa wa kowace waya lamba, mu kuma rufe duk ramin da ba a amfani da shi. Ga motata nan ta iso, in na ƙarasa zan kira yaya in ba shi labari. Sai mun haɗu.